Ɓeran Bayan Firiji

Da safiyar Litinin aka bugo waya caji ofis, aka ce an tsinci mutum kwance a ɗakin ɓeraye, ba rai.

Sufeto ce ta ɗauka. Ta ce a maimaita. Aka maimaita mata: ɗakin ɓeraye, a gidan binciken magunguna da ke bayan babban asibiti. Ta ajiye wayar, ta ɗauki hularta, ta ce wa Sajan ya fito da mota.

Wata biyar ke nan da rasuwar 'yarta. Tun daga lokacin abinci bai ƙara yi mata ɗanɗano ba, magana ba ta ɓata mata rai, ba ta kuma faranta mata. Aiki take zuwa, ta yi, ta koma gida ta zauna. Da motar ta bi ta gaban asibitin ba ta ɗaga kai ba. Sajan ya san dalili, sai ya rage muryar rediyo.

A bakin ɗakin wata mata mai farar riga ta miƙo musu ledar da ake sa wa takalmi. "Sai kun sa wannan, ranki ya daɗe. Doka ce." Ita ce mai yi wa ɓerayen allura, Anti kowa yake ce mata a gidan. Idonta ya yi ja, amma hannunta ko rawa ba ya yi.

Ɗakin ba shi da taga. Farar fitila, warin fitsari da na garin katako, sai kantocin ƙarfe masu taya jere da bango. A kansu keji ne na roba, kowanne da fararen ɓeraye uku. Rabi an liƙa musu jan kati, rabi shuɗi. Can kusurwa akwai firiji, kusa da shi kwamin siminti inda ake wanke keji.

A gindin kwamin mamacin yake, rigingine, cikin koriyar rigar aiki. Dattijo ne. Shekara goma sha tara yana ba ɓerayen abinci yana share musu, har sunansa ya ɓace, ya zama Baban Ɓeraye. Ƙeyarsa ta fashe.

Farfesa, shugaban wurin, yana tsaye yana murza hannu. "Santsi ne ya kwashe shi. Ƙasan nan kullum a jiƙe take. Na sha gaya masa."

"Yaushe ya zo?"

"Jiya Lahadi da safe. Ranar hutu shi kaɗai ke zuwa, sai wanda allura ta faɗo a kansa."

Sufeto ta dubi Anti.

"Ba ranata ba ce," in ji Anti. "Ina gida."

Ƙasan ɗakin tas take, ko ƙwayar tsakuwa babu. Amma da aka ɗaga gawar, sai ga garin katakon da ake shimfiɗa wa ɓerayen cikin keji a ƙarƙashinta, jiƙe da jini, ya fitar da siffar mutum tun daga kafaɗa har dunduniya.

Sajan ya sosa kai. "To, ni dai ban taɓa ganin wanda ya faɗi ya tashi ya yi shara, sannan ya koma ya kwanta ba."

Sufeto ta bi kantocin a hankali. Keji biyu masu jan kati sun tsage a kusurwa, tsagar sabuwa ce.

"Ɓeraye nawa ne gaba ɗaya?"

"Arba'in da takwas."

Sajan ya ƙirga sau biyu. Ba ɗaya da ya ɓata.

Da la'asar suka je gidan mamacin. Ɗaki biyu ne a saman bene, takalmansa na fita suna nan a bakin ƙofa. Matarsa ta baro masu zaman makoki, ta ja Sufeto ciki, ta zaunar da ita bakin gado.

"Inna, da bai dawo ba jiya, ba ki neme shi ba?"

"Ya saba, 'yata. In ɗaya cikin 'ya'yansa ba lafiya, can yake kwana. 'Ya'yansa yake ce musu. Mu Allah bai ba mu ba. Shi ya samu arba'in da takwas, ni na samu warinsu a kayan wanki."

Ba ta yi dariya ba, Sufeto ma ba ta yi ba.

"Ya yi miki ƙorafin wani abu kwanan nan?"

"Kumfa. Sati shida ba shi da zance sai kumfa. Shi ke wanke kwalaben da ake tara fitsarinsu. Da farko wai masu jan kati kumfarsu ta ɗauke, har ya shigo gidan nan yana murna kamar an yi masa haihuwa. Sai kuma ta dawo. Ya ce ko maganin ya daina aiki, ko wani ya daina ba su. Ya faɗa wa babbansu, aka ce masa ya tsaya a kan tsintsiyarsa."

Sufeto ta rubuta. Ta miƙe za ta fita, tsohuwar ta riƙe mata hannun riga.

"Ni ba ruwana da a kama wani ko kar a kama. Abu ɗaya nake so ki gano mini. Da ya faɗi, nan take ya tafi ko ya daɗe? In ya daɗe, akwai wani kusa da shi? Mutumin nan ko ciwon kai yake yi sai ya kira ni sau goma. Ba ya son zama shi kaɗai."

Ranar da 'yar Sufeto ta cika, ita tana ƙasa a layin karɓar magani. Da ta hau sama ta tarar an ja labule. Ba ta taɓa yi wa kowa wannan tambayar ba.

"Zan kawo miki amsa, Inna," ta ce.

Talata da safe likitan gawa ya bugo. Ya ce bugu ɗaya ne a ƙeya, amma dattijon bai mutu nan take ba. Ya kai rabin awa yana numfashi. Ya ce da an ɗauko shi, asibiti fa ga shi nan bayan katanga, da wataƙila an ci ƙarfin abin.

Sufeto ta ce ta gode, ta wuce ofishin Farfesa.

"Me kuke yi da ɓerayen nan? Ka yi mini bayani irin na wanda bai yi makaranta ba."

Farfesa ya gyara tabarau. "A cikin ƙoda akwai jijiyoyin jini ƙanana, sun fi gashi siranta, a dunƙule kamar zare. Su ne rariyar jiki. In suka lalace rariyar ta huje, abin da ya kamata ya zauna cikin jini sai ya riƙa zubewa cikin fitsari."

"Fitsarin ya yi kumfa. Ƙafa ta kumbura, fuska ta biyo baya," in ji Sufeto.

Ya dube ta. "Kin yi aikin asibiti?"

"A'a. Ci gaba."

"Mu muke sa wa ɓerayen ciwon da gangan. Masu jan kati ana yi musu allurar sabon magani, masu shuɗi ruwan gishiri kawai. Fitsarinsu muna tarawa a firiji, ba ma aunawa sai ƙarshe. Bayan wata shida a yanka su duka, a duba ƙodar a madubin ƙara girman abu, a ga ko maganin ya kare jijiyoyin. Saura sati uku."

"Marigayi ya taɓa zuwa maka da maganar kumfa?"

"Ban tuna ba."

"Matarsa ta tuna. Har da tsintsiya."

Ya cire tabaraun ya goge. "Ranki ya daɗe, mutumin ko firamare bai gama ba. Zan tsayar da aikin shekara uku saboda kumfar kwalba?"

"In keji ya faɗi, ɓera ya taka ƙasa, me ake yi?"

"A cire shi daga aikin a ranar. A ɗebi jininsa a auna, a yanka shi, a rubuta. Ba a mayar da shi. Ko ni ban isa ba."

"Yaya kuke gane wannan daga wancan? Ni duk iri ɗaya nake gani."

"Akwai 'yar tsaga a kunne. Wurin tsagar shi ne lambarsa. In ka haɗa waɗanda ba 'yan keji ɗaya ba, kafin gari ya waye sun yayyaga juna."

Suka koma ɗakin. Sufeto ta sa Farfesa ya ɗaga ɓerayen keji biyun nan da suka tsage, ɗaya bayan ɗaya. Jikinsu fari fat, sun lashe kansu. Wutsiya ce ba su lasa ba. Huɗu daga cikin shidan wutsiyarsu ta yi baƙi-baƙi da busasshen jini.

Farfesa ya duba kunnuwansu, ya duba katin. Kowanne yana kejinsa, ba wanda aka rikita.

"Ke nan sun yi yawo a ƙasa bayan ya zubar da jini," in ji Sufeto. "Wani kuma ya tsaya ya kama su, ya karanta kunnensu, ya mayar da kowa gidansa. Ka bi dokarka, Farfesa. Ka ɗebi jininsu yau. Ina so in san ko akwai maganinku a ciki."

A bango kusa da ƙofa akwai takardar jerin aiki. A layin Lahadi sunan ɗalibin Farfesa ne, da sa hannu. Idonta ya sauka ƙasa, kan layin Anti. An rubuta mata fita da azahar sau uku a sati: Litinin, Laraba, Juma'a.

Sufeto ta daɗe tana kallon ranakun nan uku. Shekara biyu ta yi tana rayuwa a kansu.

Ɗalibin magidanci ne, dogo, Dogo ma ake ce masa. Ya zauna gabanta yana karkaɗa ƙafa.

"Ka zo ranar Lahadi?"

"Na zo. Ga sa hannuna nan. Na yi allura, na tafi, na bar Baba lafiya lau."

"Madalla. Kai ne ke nan mutum na ƙarshe da ya gan shi da rai. Sajan, kawo keji ɗaya. Malam, ciro mini na tsakiya ka karanta lambarsa."

Dogo ya sa safar hannu har biyu. Ya zura hannu, ɓeran ya juyo, ya fizge hannun kamar ya taɓa wuta. Ya sake gwadawa, ya cafko shi ta wutsiya, ɓeran ya yi ƙara ya kuɓuce cikin kejin.

Sajan ya ƙyalƙyale. "Malam, kai kake binciken su ko su ke binciken ka?"

"Shida ne suka watse a ɗakin nan," in ji Sufeto. "Kai ko ɗaya a cikin keji ya gagare ka. Ina kake ranar Lahadi?"

Gumi ya keto masa. "Don Allah kar Farfesa ya ji. Ina gida. Ni tsoronsu nake ji, wallahi tun ina yaro. Ni madubi na iya, da rubutu. Anti ce ke karɓar mini Lahadi, ta sa mini hannu. Ita ma ta ce in bar mata."

"Tun yaushe?"

"Zai yi sati shida, ko bakwai."

Laraba da hantsi Farfesa ya kawo takarda da kansa. Ransa a ɓace. Ya ce a jinin ɓerayen shida babu ko ɗigon maganin.

Sufeto ta sa aka kira Anti ɗakin ɓerayen, ta sallami kowa ban da Sajan. Ta jawo kujera biyu.

"Zauna, 'yar'uwa. Kin ce ba ki zo Lahadi ba."

"Na zo," in ji Anti. "Tsoro ne ya sa na ɓoye. Na yi allura ƙarfe takwas, na bar shi yana wanke keji."

"Wa kike kaiwa wankin ƙoda?"

Anti ta ɗago.

"Litinin, Laraba, Juma'a, layin rana. Sai kin isa kafin biyu, in ba haka ba a ba wani gadon. Awa huɗu a na'ura. Ki tafi da bargo don sanyi yake ji ko ana zafi. Ruwan shansa a ƙaramin kofi kike aunawa, yana kallon ki kamar ke kika ɗora masa ƙishirwar."

"Mijina ne," Anti ta ce a hankali. "Ke wa?"

"'Yata. Ta rasu."

Ba wanda ya yi wa wani ta'aziyya. Ɓerayen suna ta ƙaiƙayar abinci, sai ƙarar firiji.

"An auna jininsu," in ji Sufeto. "Ruwan gishiri kike yi musu. Ina maganin?"

Anti ta dubi hannuwanta. Da ta fara magana muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai karanta takardar wani.

"Ni na fara ganin kumfar ta ɗauke, tun kafin Baba. Kullum ina huda ɓera da abin da ke gyara ƙoda, in koma gida in tarar da uban 'ya'yana ba ya iya sa takalmi. Farfesa ya ce kafin a gwada wa mutum sai an yi shekara goma. Shi kuma ko biyu ba a ba shi ba. Sai na fara zuba kwalaben a gorar shayina da ƙanƙara, in kai gida in yi masa."

"Ya ji sauƙi?"

"A'a. Na ɓera ne, ɗan mitsitsi. Duk abin da na kwasa bai kai ya jiƙa masa jijiya ɗaya ba. Na sani. Na dai kasa dainawa."

"Lahadi fa?"

"Baba ya shigo ban ji shi ba. Ya ga sirinji a jakar ruwan gishiri, ya ga gorar a buɗe. Bai yi faɗa ba. Ya ce, 'Ashe ke ce, 'yata? Kin bar mini yara suna ciwo a banza.' Ya ɗauki gorar ya ce gobe zai kai wa Farfesa, yau dai za a yarda da mai tsintsiya. Na riƙe, ya riƙe. Na ture shi. Ya bugi kantar ƙarfe, keji biyu suka zubo, shi kuma ya tafi da baya ya sami kwamin."

"Sai kika kira mutane."

"A'a." "Ɓeraye na gani a ƙasa. Shida. Abin da ya zo mini ke nan, za a auna jininsu a gane. Na ce, 'Baba, bari in kama su, yanzu zan kira mutane.' Idonsa biyu, yana kallona. Biyar ba su ba ni wahala ba, sun san hannuna. Na shidan na neme shi na rasa. Na duba ƙarƙashin kanta, na duba bayan buhuna. Sai na ji Baba yana magana ƙasa-ƙasa. Na zaci salati yake yi. Na matsa."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Yana bayan firiji. Kar ki ja shi ta wutsiya, matsoraci ne.'"

Sajan ya juya ya fuskanci bango.

"Na ture firijin, yana nan kuwa. Na ɗauko shi a tafin hannu, na duba kunnensa, na mayar da shi. Da na juyo Baba ya riga ya tafi. Na share ɗakin. Ban iya ɗaga shi in share ƙarƙashinsa ba. Na sa hannun Dogo, na tafi gida na dafa abinci."

Sufeto ta gama rubutawa, ta karanta mata, Anti ta sa hannu. Ta cire farar rigar ta rataye a ƙugiyarta, ta cire ledar takalmi ta jefa a kwandon da aka tanada. Sajan ya fito da ankwa. Ta miƙa hannu da kanta.

"Ƙarfe nawa?" ta tambaya.

"Sha biyu da rabi."

"Yau Laraba. Mijina ba ya iya sauko bene shi kaɗai. Bargon yana bayan ƙofa."

Sufeto ta yage takarda daga littafinta. "Faɗi lambar gidan. Na san hanyar asibitin."

Suka fito. A baranda, kan benci, matar Baban Ɓeraye tana zaune da leda a cinya. Ta zo karɓar kayansa: kofi, 'yar rediyo, da tabaraun da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ta ga ankwa a hannun Anti, ta daɗe tana kallo. Sajan ya wuce da Anti wajen mota.

Sufeto ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Na kawo amsar, Inna. Bai tafi nan take ba. Ya yi kamar rabin awa. Akwai mutum a ɗakin har ya cika."

"Waccan?"

"Ita."

"Ta riƙe masa hannu?"

Sufeto ta ga ƙaryar da za ta iya yi a fili, ƙarama, mai sauƙin faɗa. Ta bar ta.

"A'a, Inna. Ɓeraye take kamawa."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali. "Ya kira ni?"

"Bai kira ba. Ɗaya ne cikin ɓerayen ya ɓace. Ya gaya mata inda ya ɓuya, ya ce kar ta ja shi ta wutsiya, matsoraci ne. Maganarsa ta ƙarshe ke nan."

Tsohuwar ta shafa ledar da ke cinyarta.

"An same shi? Ɓeran?"

"An same shi."

"To, ai bai ji kaɗaici ba," ta ce. "Yana aiki."

Ta miƙe da ƙyar, ta rungumi ledar, ta nufi ƙofa. Sufeto ta bi ta da kallo har ta fita. Sannan ta duba agogo, ta duba takardar da ke hannunta, ta ce wa Sajan ya kai mai laifi caji ofis, ita za ta biyo baya in ta kai mijin asibiti.